Mai Son Haɗa Kwamfutar Wasa A Daura Ya Fara Tambayar Wuta

Tun daga shekarar 2019, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Daura, ta kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a ƙarshen wannan shekara, birnin ya ƙara cika da 'yan makaranta, ban da waɗanda da ma suke karatu a Kwalejin Yusufu Bala Usman. Duk inda ɗalibai suka taru kuwa, sababbin bukatu kan biyo bayansu. Ɗaya daga cikin bukatun da suka fara ƙwanƙwasa ƙofar ma'aikatan gwamnati a ƙasar Daura, daga cikin birni har zuwa Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, ita ce ta kwamfuta, musamman irin wadda yaro zai sayo kayanta ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da hannunsa, ya yi aikin makaranta da ita da rana, da dare kuma ya buga wasan ƙwallo ko tseren mota.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin ta kuɗi ce. Kayan kwamfuta duka daga ƙasashen waje suke zuwa, da dala ake sayo su. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati wajen Naira 460 ce. Bayan da aka saki Naira a watan Yuni na wannan shekara, kafin 2024 ta yi nisa dala ta haura Naira 1,500. Watau abin da ke kan dala 300, wanda a da Naira 138,000 za ta saye shi, ya koma Naira 450,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Ko da yake Naira ta ɗan farfaɗo daga baya, lissafin bai sake ba sosai: ƙaramin ma'aikaci zai iya zuba albashin wata shida a kan yanki ɗaya na na'urar. Wanda zai kashe irin wannan kuɗi, ko na adashe ne ko na sayar da rago, lalle ya cancanci a gaya masa gaskiya kafin ya kwance bakin aljihu.

Gaskiyar kuwa ita ce, yawancin jerin kayan da samari ke kwafowa daga YouTube ba don Daura aka tsara su ba. Masu tsara su suna zaune ne a Amurka ko Ingila ko Jamus, kuma shawararsu kusan ɗaya ce: a ware kusan rabin kuɗin a sayi katin hoto mafi ƙarfi, sauran kayan a yi maneji. Shawarar ta dace da gidan da wuta ba ta ɗaukewa, ɗaki na da sanyi, kantin da ya sayar da kaya kuma zai karɓe su idan sun lalace cikin shekara biyu ko uku. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da mutumin Daura zai dogara da shi. Saboda haka tilas ne a juya jerin, abin da suka sa a ƙarshe shi za a sa a farko.

Domin uban da zai biya ya san abin da ake magana a kai, kwamfutar tebur ba ta wuce kaya bakwai ba. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira furosesa, ita ke yin lissafi. Akwai babban allon da ake dasa komai a kansa, watau bod. Akwai ram, inda na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin, da rumbun da ke ajiye komai ko an kashe ta. Akwai katin hoto, mai zana abin da ido ke gani a allon kallo, shi ne kuma ya fi kowane tsada. Sai gidan da ake zuba su a ciki, sannan akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, mai karɓar wutar gari ya tace ta, ya raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Wannan na ƙarshe shi ne wanda samari suka fi rainawa, domin ba ya ƙara wa wasa kyau ko sauri, ba kuma a yin alfahari da shi a gaban abokai.

To, amma a ƙasar da kamfanin KEDCO ke ba wuta, watau Kano da Katsina da Jigawa, shi ne mai gadin gidan. Kowa ya tuna ƙarshen watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka shafe kwanaki a cikin duhu. Sai dai ɗaukewar wuta ba ita ce ta fi yi wa na'ura illa ba. Abin tsoro shi ne dawowarta da ƙarfi a lokaci guda, da kuma zuwanta a raunane, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja, fanka na juyawa kamar mai ciwon baya. Kwamfuta an yi ta ne domin wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Akwatin wuta na kirki yana da kariyar da za ta sa ya kashe kansa idan wutar ta wuce kima. Na banza kuwa, wanda ake bayarwa kyauta tare da gidan kwamfuta, an rubuta masa wat 500 alhali da ƙyar zai ba da rabin haka, idan ya tashi ƙonewa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja bod da katin hoto su bi shi. Mutum ya yi tsimin 'yan dubbai, ya yi asarar dubu ɗaruruwa a cikin ƙiftawar ido. Araha ba ta ado.

Don haka kuɗin farko na akwatin wuta ne, sabo fil, na kamfanin da aka san sunansa kamar Corsair ko Seasonic ko Cooler Master. Ba a bukatar babba. Mai wat 550 ya ishi duk na'urar da mai ƙaramin ƙarfi zai haɗa. A nemi mai alamar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha yana isa ga na'ura, ba ya zama zafi a banza. Amma fa a sani alamar ta tsimin wuta ce kawai, kuma ana buga ta jabu, saboda haka sunan kamfani da rasit su ne madogara. Tsofaffin masu gyara suna da wata dabara da ba ta cika ƙarya ba: su ɗaga akwatin a hannu, in sun ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, su ajiye.

Kuɗi na biyu na abin da zai tsaya tsakanin bango da na'ura ne. Sitabilaiza na daidaita wuta mai hawa da sauka. Ƙaramin UPS kuma, irin wanda aka rubuta wa 650VA, ainihin abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, aikinsa kuma ya ba mutum 'yan mintuna ya ajiye aikinsa ya kashe na'ura cikin mutunci. Wanda ya yi zaton zai ƙarasa wasan ƙwallo a kansa ya yi wa rogo kallon kitse. Gidan da ke da sola da inbata ya fi kowa sa'a, sai dai a bincika irin wutar da inbatar ke fitarwa, domin masu araha da yawa wutarsu ba ta da laushin ta gari, akwatunan wuta na zamani kuma sukan yi ƙara ko su kashe kansu a kanta.

Daga nan ne za a gane dalilin da ya sa a Daura ake auna katin hoto da wutar da yake sha kafin a auna shi da kyan hotonsa. A ɗauki batir guda mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ya fi yawa a gidaje. A takarda yana riƙe da wat 2,400 na awa ɗaya, amma duk wanda ke son batirinsa ya yi ƙarko ba ya shan fiye da rabi, watau 1,200. Na'urar da ke jan wat 300 tare da allon kallonta za ta cinye wannan a ƙasa da awa huɗu, ba a kunna fanka ba, ba a kunna fitila ba, uwar gida ba ta yi cajin waya ba. Wadda ke jan wat 120 kuwa za ta kai dare ta raba. Idan kuma janareta za a tayar, a tuna tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashin fetur ya yi ta hawa, har lita ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 a kan dala 1,599, wanda samari ke kallo a waya suna haɗiyar yawu, shi kaɗai yana shan wat 450. Ko kyauta aka ba ɗan Daura, an ba shi aiki.

Me ake bukata a zahiri? Wasan da ya fi farin jini a gidajen gem na Arewa shi ne ƙwallon ƙafa, watau wanda aka sani da FIFA kafin kamfanin EA ya sake masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Sa'ad da aka fitar da FC 24, abin da kamfanin da kansa ya ce ya wadatar shi ne katin GTX 1660, mafi ƙaranci kuma GTX 1050 Ti. Waɗannan katuna ne na 2019 da 2016. Ashe ke nan babu dalilin cin bashi. Katin GTX 1660 Super yana shan wat 125. Katin RX 6600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021 da giga 8 na ma'ajiyarsa, yana shan wat 132, ya kuma fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba. A cikin katunan masu ƙaramin ƙarfi da wuya a sami wanda ya fi shi dacewa da gidan da ke kan batir.

Akwai wani kati da ya kamata a yi dogon tunani a kansa, domin shi ne ya fi yawa a kasuwar kayan hannu, shi ne kuma ya fi araha, watau RX 580 na 2017. Yana shan wat 185, ya fi RX 6600 ci, ya gaza shi aiki. Tarihinsa ma abin dubawa ne. Shekara da shekaru masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum sun jera irin waɗannan katuna dubbai a manyan ɗakuna, suna aiki dare da rana babu hutu. Da aka sake tsarin Ethereum a watan Satumba na 2022 haƙar ta mutu, sai aka kwashe katunan aka wanke, aka sa wa wasu sabon kwali, aka watso su kasuwannin duniya, har da na Afirka. Ba dukansu ne matattu ba, wasu na nan suna aiki lafiya. Amma mai saye ya san jakin da ya yi shekara biyar yana dakon yashi yake saye, kada a karɓi kuɗin ɗan maraƙi a hannunsa. Mafi muni su ne na jabu, tsofaffin katuna da aka sake wa suna a cikin ƙwaƙwalwarsu har kwamfuta ta karanta su a matsayin GTX 1050 Ti. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z takan tona asirin irin waɗannan cikin minti ɗaya. Mai kantin da ya ƙi yarda a gwada kayansa da ita ya riga ya ba da amsa.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ga kati ba kuwa, akwai hanyar da ma'aikaci ya fi kowa sani, domin da ita yake gina gida: bana tubali, baɗi rufi. Ƙwaƙwalwar Ryzen 5 5600G ta AMD, mai shan wat 65, tana da ɗan katin hotonta a ciki. Da ita kaɗai na'ura za ta tashi, a yi rubutu da lissafi da zanen injiniya na matakin farko, a buga eFootball da tsofaffin wasanni idan an rage kyan hoto. Ba za ta kai sharaɗin sababbin wasannin EA ba, kada a ruɗi kai. Amma bayan shekara, in an sami sarari, sai a sayo kati a dasa, ba tare da an zubar da komai ba. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Ryzen 5 5600 marar harafin G, da ƙwaƙwalen Intel masu harafin F a ƙarshe kamar Core i3-12100F, ba su da hoto a cikinsu ko kaɗan. Suna da kyau, sun fi araha, amma wanda ya saye su ba kati zai kunna na'ura ya ga allo baƙi ƙirin. Haka kuma kowace ƙwaƙwalwa da irin bod ɗinta. Waɗannan na AMD suna zama ne a gurbin AM4, wanda aka fara tun 2016, shi ya sa allunansa suka yi yawa suka yi sauƙi; tsohon bod na B450 kuwa wani lokaci sai an sabunta masa manhajarsa ta ciki kafin ya gane su, gara a sa mai kanti ya yi wannan a gaban ido.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. Masu gwada kaya a Turai suna yi ne a ɗakin da bai wuce digiri 22 ko 23 ba. A Daura kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuma ya fi waje. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta kai wajen digiri 90 zuwa 95 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai mutum ya ga na'urar da ya kashe wa dukiya tana tafiyar hawainiya. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta toshe fankoki. Saboda haka gidan kwamfuta mai raga a gaba, da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, da fankoki biyu ko uku, ya fi mai gilashi da fitilu masu launi-launi. Waɗannan fitilu dai, in ban da jawo ƙwari da damina, ba a san aikin da suke yi ba. A ɗora na'urar a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a kuma buɗe ta a hure ƙurar a kai a kai.

Sauran kayan ba su da dogon bayani. Ram giga 16 ya isa, a saye shi sanda biyu masu giga 8, domin biyu sun fi ɗaya sauri, musamman ga mai 5600G. Nau'in DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna. Tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe shi, har kamfanin Micron ya ba da sanarwa a watan Disamba na wannan shekara cewa zai daina sayar wa jama'a kayansa masu sunan Crucial. Wannan ƙarin dalili ne na tsayawa a kan DDR4 da giga 16. Rumbu kuwa a sayi SSD, ko da mai giga 500 ne, domin ba shi da faifai mai juyawa da yankewar wuta za ta yi wa lahani kamar tsohon had-dis. A kuma sa kuɗin data a lissafi, tun da wasa ɗaya irin FC yana neman wajen giga 100, ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100.

Wasu kan bi ta gajeriyar hanya, su sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP da aka kwaso daga Turai su dasa mata kati. Dabarar ba laifi, in an san iyakarta. Akwatin wutar irin waɗannan ƙarami ne, sau da yawa kuma wayoyinsa na kamfanin ne shi kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa. Katin da zai zauna lafiya a ciki sai irin GTX 1650 mai wat 75. Har wa yau kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na 8. Da yawa daga cikin na'urorin da ake tallar su da araha yanzu, dalilin arahar ke nan.

Ba za a rasa iyayen da za su ce duk wannan ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci ba, kuma suna da hujja a wani ɓangare. Yaron da ya kwana yana wasa ya makara sallar asuba ya makara lacca, ko wanda ya mai da wasan hanyar caca, ba na'urar kirki yake bukata ba, tsawatawa yake bukata. Haka nan gidan da wuta ba ta wuce 'yan sa'o'i, babu sola babu inbata, gaskiya kwamfutar tafi-da-gidanka mai batirinta ta fi masa amfani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma a ɗaya ɓangaren, na'urar da ke ɗaukar wasa ita ce dai ke ɗaukar AutoCAD da tace bidiyo da sauran aikin da ɗalibin fasaha zai ci abinci da shi gobe, kuma yaron da ya haɗa ta da hannunsa ya koyi abin da allo da alli ba za su koya masa ba. Abin da ba shi da kyau shi ne yaro ya ce wa mahaifinsa malamai ne suka wajabta kati mai tsada alhali wasa yake nufi. Ya faɗi gaskiya, uban ya biya na karatu, shi kuma ya tara na wasa daga aljihunsa, ko daga alawus ɗin bautar ƙasa idan lokacin ya zo.

Saura wurin saye. Yawancin mutanen Daura Kano suke nufa, ko titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, wasu kuma su aika Ikeja a Ikko, ko su biya wani da suka gani a Facebook. Wannan na ƙarshe cinikin biri a sama ne. Kayan hannu ba a biyan kuɗinsu sai an dasa su a gaban mai saye, an kunna wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, an ga hoto bai yage ba, fanka ba ta kuka, zafi bai wuce kima ba. Rumbu ma akwai manhajar CrystalDiskInfo da ke faɗin awa nawa ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya da adadin kwanakin garanti a rubuce, domin daga Daura ba a komawa Kano don gardamar baki. Da manyan makarantun garin za su ware tebur ɗaya a ɗakin gwajinsu, da mita da na'urar gwada akwatin wuta, inda ɗalibi zai kawo kayansa a duba kafin kwanakin garanti su cika, da sun rage wa iyaye asara mai yawa da kuɗi kaɗan.

In an gama ciniki, kada a bari a haɗa na'urar a Kano a ɗaure ta a but ɗin mota. Katin hoto yana da nauyi, gurbin da ke riƙe da shi kuwa roba ce, girgizar hanyar Kazaure ta isa ta tsaga shi. A cire katin a mai da shi kwalinsa, mai shi ya rungume shi a cinya har tashar Daura.